Na Je Rogo da Irin Gero a Aljihu

Ana sallame sallar asuba muka tashi, ranar Lahadin da ta wuce, daga ƙauyenmu na gefen Tudun Kaya zuwa Rogo. Ku da ba ku je ba kun dame ni da tambaya a kasuwa da ƙofar masallaci. Zan faɗa sau ɗaya. Wanda bai ji ba ya tambayi wanda ya ji.

Wasan sai bayan azahar za a yi shi, kuma Rogo ba Makka ba ce. Abin da ya sa muka yi sammako shi ne iyayen 'yan wasa. Malamin firamaren da ke koyar da ƙungiyarmu ya ce in gari ya waye, kowane uba zai miƙa wa ɗansa fartanya, mu tashi ba mu da kowa. Don haka tun da duhu-duhu muka bi gida-gida muna kwasar samari kamar masu satar kaji. Muka samu sha biyu. Muka loda su a bayan a-kori-kura, da mai kalangu, da malamin, da mu dattawa biyar da ba mu da aikin yi sai bin ƙwallo.

Sai na fara gaya muku abin da ya kai ni, domin ba kallo kawai na je ba.

Ni ban yi boko ba, ban kuma taɓa buga ƙwallo ba. Rijiya nake haƙa da rani, in yi noma da damina. Sau biyu rijiya tana rufta mini ina fitowa. Na ga shekarar fari, na ci dusa, na gode wa wanda ya ba ni. Ba mai koya mini darajar gero. Amma gonata ta bayan gari shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudu ba kwari, kuma shekara uku ke nan ina ba samari aronta bayan girbi su kafa turakun raga su buga tamola. Da kallo na fara daga gindin ɗorawa. Ban san ranar da abin ya shiga jinina ba.

Bana aka haɗa gasar ƙauyuka, aka sa kofi. Da rani ba wanda ya iya da mu. Wasa takwas muka ci a jere. Ranar na takwas kaina ya yi zafi. Na tsaya a tsakiyar gonar, gaban mai unguwa da liman da masu talla, na ce wallahi sungumi ba zai taɓa ƙasar nan ba sai ranar da muka gama gasa. Aka tafa mini. Mai kalangu ya yi mini kirari har na ba shi sule biyar. Bayan kwana huɗu ruwa ya sauka.

Daga ranar ƙungiyar ta fara zubewa kamar katangar da ba a yaɓe ba. Golanmu Bafulatani ne, dogo, in ya miƙa hannu sai ka ce reshen kuka. Ubansa ya ce a janye shanu daga gonakin mutane, sai golan ya bi garke ya yi kudu. Aka sa tela a madadinsa. Mutumin kirki ne, ɗinkinsa ba ya warwarewa, amma Allah bai ba shi tsawo ba. Sauran kuwa daga asuba suna gona, su zo fili da yamma ƙugu a sanƙare. Aka ci mu sau ɗaya muka ce tsautsayi. Sau biyu muka ce alƙalin wasa. Na uku muka ce an yi mana asiri. Na huɗu muka rasa wanda za mu ɗora wa laifi.

Ga inda magana ta tsaya ranar Lahadi. 'Yan Kafin Dafga sun gama wasanninsu, suna gabanmu da nasara ɗaya. In muka ci Rogo mun kamo su, sai a yi wasan raba gardama a gonata bayan kwana tara. In ba mu ci ba, gasa ta ƙare mana, rantsuwata ta sauka. Ranar, kwana ashirin ke nan da saukar ruwan farko. Geron kowa ya fito, ana noman farko. Tawa gonar tana nan tas, da turaku huɗu. Ƙarin kwana tara kuwa, duk manomi ya san abin da yake nufi: in bar gero bana.

Liman ya ja ni gefe tun makon jiya ya ce akwai kaffara, in ciyar da mutum goma, in ba hali in yi azumi uku. Na ce na ji, Allah gafarta malam. Azumi uku ba komai ba ne a wurina. Amma a gaban jama'a na faɗi maganar, kuma ban taɓa lashe abin da na tofar ba.

Uwar gidana ba ta yi faɗa ba. Kullum da safe takan ajiye ƙwaryar iri a ƙofar ɗakina, in tsallake in wuce. Ran tafiyar ta miƙo mini rigata a duhu ta ce, "Maigida, in kun ciyo kofin, ka tambaya ko ana tuƙa tuwo a ciki." Na karɓi rigata na fita.

Ba mu yi nisa da gari ba muka hango mutum tsaye a tsakiyar hanya, fartanya biyu a kafaɗa. Uban 'yan bayanmu biyu ne, wa da ƙane. Ya yanko ta cikin gonaki ya riga mu. Direba ya tsaya. Dattijon ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kwanan iyali, ya tambayi damina, bai bar kowa ba. Sannan ya ce 'ya'yansa yake so.

Malamin ya sauko har da cire hula. "Baba, ka yi haƙuri, yau ɗaya ce."

"Malam, ciyawa ma haka ta ce mini jiya."

Aka yi ciniki kamar na akuya. Daga ƙarshe ya yarda ya ɗauki ɗaya ya bar mana ɗaya. Ya zaɓi wan, don ya fi iya noma. Shi ne kuma ya fi iya tare gida. Saurayin ya sauka yana share ido da rigar wasa. Muka rage sha ɗaya cif, ba canji.

A Karaye muka tsaya shan mai, muka karya da koko da ƙosai a bakin tasha. Ƙosai uku sule, kuma sun ƙanƙance. Bara huɗu ne. Mai kokon ta ce wake ya yi tsada, kowa ya kai nasa gona. Kuɗin mota naira uku ne kowane kai, zuwa da dawowa, amma direba ya ce ba za su fitar da shi ba, sai ya ƙara lodi. Ya ɗora buhunan takin zamani shida na wani mai gona a hanyar Rogo. A kan ɗaya na zauna. Mutumin da bai yi shuka ba, a kan buhun taki. Wani cikin dattawan ya buɗe baki zai yi magana, na dube shi, ya rufe.

Daga nan hanya jar ƙasa ce, ruwa ya cinye gefenta, tsakiyarta kuma ramuka. Direba ba ya kauce wa rami, zaɓa yake yi. Hagu da dama gonaki ne, kore shar. Gero ya kai taƙi, wani wurin ya fi. Maza a sunkuye, mata na tafe da ƙwaryar fura a ka, masu garmar shanu suna ta huɗa. Mai kalangu yana kiɗa, samari suna waƙa, duk wanda muka wuce sai ya ɗago ya bi mu da kallo irin na mai aiki ga marar aiki. Na juya ina kallon ƙafafuna.

Na sa hannu a aljihu zan ɗauko goro, sai na ji ƙulli. Na ciro. Ƙyalle ne, an ɗaure bakinsa da zare, cike da irin gero. Tun a duhu uwar gida ta sa mini. Na mayar, na ci gorona.

Akwai rafin da ake ƙetarawa kafin a shiga ƙasar Rogo sosai. Da rani yashi ne. Ranar ruwa ne zuwa gwiwa, da laka a ƙasa. Direba ya karanta abin da ya sani, ya taka mota, ta shiga tsakiya ta zauna. Samari suka yunƙura za su diro, malamin ya daka musu tsawa. Ya ce ba ɗan wasan da zai tura mota, ƙarfinsu na fili ne. Saboda haka mu dattawa biyar da mai kalangu muka naɗe wando muka shiga. Ƙaraminmu ya haura hamsin. Muka tura mota da taki da samari sha ɗaya, suna sama suna ce mana "Sannu Baba, saura kaɗan." Wasu makiyaya biyu da ke shayar da shanu suka ji tausayinmu suka kama. Da muka fita na tambaye su ko sun ga golanmu a kudu. Suka ce sun san shi, yana lafiya, shanunsa sun yi kyau. To madalla.

Da hantsi ya ɗaga muka shiga Rogo. Ƙasarsu ta fi tamu laima. Fadamunsu rake ne, sabon tashi, ganye har ƙirji. A kasuwa mazarƙwaila curi guda sule biyu, ta fi ta wajenmu girma da duhu. Na sayi biyu, ɗaya na uwar gida, ko za ta sassauta. Mangwaro ya zo ƙarshe, sai ragowar da ƙuda ya fi mutane so. Gurasarsu da ƙuli da man gyaɗa ba laifi. Tsire kuwa na duba kawai.

Mutanen Rogo sun iya karɓar baƙo, wannan ba zan ɓoye ba. Suka sauke mu a wani zaure mai sanyi, suka shimfiɗa tabarmi, suka kawo ruwan alwala. Sai ga fura, ƙwarya uku manya, da nono mai kauri irin na farkon damina. Malamin ya ce kowane ɗan wasa ludayi biyu. Ya fita gaisawa da alƙalin wasa. Da ya dawo ƙwarya uku a kife. Ban ce da wata manufa suka kawo ba. Amma na lura nasu 'yan wasan ruwa suka sha.

Ina zaune sai ga wani tsoho da sanda, ya yi sallama, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Ya ce, "Don Allah cikinku wane ne mai gonar?" Aka nuna ni. Ya dube ni daga hula zuwa takalmi.

"An ce akwai wani a ƙasar Karaye da ya hana gonarsa iri saboda tamola. Na ce sai na gani da idona. Wallahi na zaci yaro ne."

Na ce, "To ka gani."

Ya ce, "Na gani. Allah ya ba da lafiya."

Bayan shi wasu uku suka zo. Ashe labarina ya riga ni zuwa.

Aka yi azahar aka tafi filin makarantarsu. Fili ne mai ciyawa, an zagaye shi da igiya, bayan raga ɗaya gonar rake ce. Jama'a ta cika, har kan bishiya. Mu 'yan Karaye muka tsaya gefe guda, ba mu kai goma ba har da direba.

Rabin farko, wallahi, na ga ƙungiyar da na sani da rani. Lamba taranmu, wani siririn saurayi mai gudu kamar an kunna masa wuta, ya zura ɗaya tun kafin mutane su gama zama. Kafin hutu ya ƙara ta biyu da ka. Mai kalangu ya kusa fasa fatar kalangunsa. Na yi ihu har hulata ta faɗi. Ina sunkuyawa in ɗauka, ƙullin nan ya taɓa mini cinya. Kwana tara. Na miƙe a hankali.

Da aka dawo hutu sai fura da noman sati uku suka zo karɓar hakkinsu. Ƙafafun samarinmu suka yi nauyi. Wanda ke gudu ya koma sassarfa, mai sassarfa ya koma tafiya. Ga kuma hadari ya fara haɗowa daga gabas, baƙi ƙirin. Duk ɗan wasanmu da ƙwallo ta bar wajensa sai ya ɗaga kai ya dubi sama. 'Ya'yan manoma ne, ba laifinsu. 'Yan Rogo suka gane tela gajere ne, suka daina wahalar da kansu, suka riƙa ɗaga masa ƙwallo ta sama. Ta farko ya yi tsalle ya kama iska. Ta biyu ma bai yi tsallen ba, ya bi ta da ido kamar mai duba yadi. Biyu da biyu.

Saura kaɗan a tashi, lamba tara ya tattara abin da ya rage masa ya kutsa cikin gidansu. Aka kwashe masa ƙafa. Alƙali ya busa usur ya nuna fenariti. Dattawan da ke gefena suka ɗaga hannu suna addu'a. Ni ma na ɗaga ɗaya. Ɗayan yana aljihu, ya damƙe ƙullin iri, ban san lokacin da ya shiga ba.

Na buɗe baki in roƙa, na rasa abin da zan roƙa. Tun rani nake jiran kofin nan. Na kuma san yadda rumbu yake kuka in ba komai a cikinsa. Da ƙasa ta rufe ni a rijiya ban yi wannan rikicewar ba, domin a can abu ɗaya nake so. Na ce, Allah ka zaɓa, ni na kasa.

Lamba tara ya ja baya, ya zo a guje, ya buga. Ƙwallo ta tashi ta haye raga, ta haye igiya, ta faɗa tsakiyar rake. Sai na ji wata murya ta ce "Alhamdu lillahi" da ƙarfi. Na waiga in ga wane marar mutunci ne. Kowa ni yake kallo.

An daɗe ana neman ƙwallon a cikin rake. Da aka samo ta, 'yan Rogo suka ƙara mana ɗaya ta saman tela, don kada a yi musu. Uku da biyu. Ƙungiyar da ta ci takwas a jere ta sha kashi biyar a jere, ta ajiye kofi a hannun Kafin Dafga ba tare da sun yi gumi ba.

A mota ba kiɗa. Mai kalangu ya rungume kalangunsa kamar jariri marar lafiya. An sauke taki, don haka a ƙasan mota muka zauna, kowa ya ja jikinsa daga nawa. Tun kafin rafi ruwa ya tsuge. Wannan karon malamin bai hana kowa turawa ba. Samari suka cicciɓi motar suka fitar da ita kamar kwando. Da sun yi haka a fili.

Muna sake hawa, lamba tara ya matso kusa da ni, ruwa na zuba daga haɓarsa.

"Baba, da gaske godiya ka yi?"

"Na yi."

"Da na ɓarar?"

Na ciro ƙullin na kwance masa. Iri ya jiƙe, ya fara kumbura. Na ce, "Kwana ashirin." Ya duba, sauran suka leƙo. Can tela ya ce shi ma tun fenaritin yake tunanin gyaɗarsa. Wani ya tuntsire da dariya, sai motar duka ta ɗauka, har malamin, yana yi yana goge tabarau.

Ana kiran magariba muka shiga gari, jiƙe sharkaf. Uwar gida ta dube ni, ta dubi hannuna ba kofi sai mazarƙwailar da ruwa ya lashe rabinta. Ta ce, "Sannu da hanya. An ci ku?" Na ce an ci mu. Ta ce, "Kai, Allah ya kyauta," da fuskar da ban ga irinta ba tun ranar sunan ɗanmu na fari.

Washegari na fito da sungumi, na ɗauki ƙwaryar iri a ƙofar ɗaki maimakon in tsallake ta. Da na isa gona na tarar an riga ni. Sha ɗayan nan suna nan, da wan da aka sauke a hanya, da ubansa. Sun tuge turaku sun jingine a gindin ɗorawa. Ba wanda ya kira gayya, su suka kira kansu. Malamin ya jera su kamar yadda yake jera su a wasa, huɗu a gaba da sungumi suna sara, sauran a baya suna jefa iri suna rufewa da ƙafa. Ƙasa ta sha ruwan jiya, laushi kamar tuwo. Kafin azahar an gama gonar da ni kaɗai sai na yi kwana uku. A wata guda, shi ne abu na farko da na ga sun fara sun kuma gama da kyau.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Ƙungiyar manoma ba ta da abokin gaba kamar hadarin gabas, kuma gasar da ba ta ƙare kafin ruwan farko ba, ruwa ne zai ƙarasa ta. Sannan kada mutum ya yi rantsuwa ranar da ya ci wasa, mai kalangu na bayansa. Na yi latti, na sani. Geron maƙwabtana zai riga nawa, tsuntsu kuma zai taru a kaina. Amma latti ya fi babu.

Malamin ya tambaye ni ko baɗi za a samu gonar. Na ce bayan girbi a zo a kafa turaku, ranar ruwan farko a tuge. Ya ce in yi alkawari. Na ce na faɗa dai, ban rantse ba.

Irin da na kai Rogo na dawo da shi, shi muka shuka a ƙarshe. Na sara masa rami daidai inda ake ajiye ƙwallon fenariti. Na zuba, na ce lamba tara ya rufe. Ya ja baya taku uku, samari suna masa ihu, ya zo ya sa ƙafa. Bai kuskure ba. Yau kwana huɗu, na je da safe, ya tsiro.